Barkonon Roni

Shekarar da Babbar Sallah ta faɗo farkon watan Yuni, casa'in da uku ke nan, ita ce shekarar da Garzali ya so ya zama shugabanmu.

Ƙungiyar Hausawan Greensboro ba wata babba ba ce. Manya talatin da ɗaya ne, sai yara. Likitan da ya riƙe mana shugabanci ya sami aiki a Atlanta ya tashi, mutum biyu suka fito neman kujerarsa. Ɗaya Moutari ne, mutumin Maraɗi, direban tasi, wanda in ka sauka a tashar bas ba ka san kowa ba shi zai kwashe ka zuwa gidansa. Ɗayan Garzali.

Garzali karatun injiniya ya zo yi shekara shida da suka wuce. Karatun bai ƙare ba, sunan dai ya kama, kowa Injiniya yake ce masa. Kafet yake sayarwa a wani kanti. Yana da feja a ƙugu, 'yar na'urar nan da ke kuka in ana neman mutum. Ban taɓa jin kukanta ba. Amma ba ya minti biyar bai ciro ta ya duba ya yi tsaki ba.

Ni ne tsohon cikinsu, don haka ni aka ce in ƙirga hannuwa. Aka sa zaɓen ranar Asabar bayan Sallah, ranar da muke kai yara filin wasan ruwa da ke kudancin gari. Yadda muka saba, mata su soya naman layya, su dafa shinkafa, a cika kuloli. In yara sun gaji da ruwa a shimfiɗa tabarmi a wurin ajiye motoci a ci. Bana in an ci sai a yi zaɓe.

A mitin na ƙarshe Garzali ya miƙe.

"Jama'a, har yaushe? Muna Amurka muna cin abinci a gindin but ɗin mota kamar masu jiran lodi a Kwanar Dangora? Bara har wata Baturiya ta tsaya tana ɗaukar mu hoto."

"Tsoka uku ta ci," in ji Hajiya Fourera, matar Moutari. "Ta nemi ƙari."

"Bana ba kula. Ko ɗaya. Abincin kowa yana wuyana. Fiza za a ci, a kan tebur, kamar mutane."

Na ce, "Mene ne fiza?"

"Gurasa ce da tumatir, Baba," in ji Moutari.

Garzali ya dafe ƙirji kamar an soke shi. Ya ce wannan maganar kaɗai ta isa a gane wanda bai cancanci shugabanci ba. Fiza ilimi ce, kowane gari da tasa. Ta New York faɗinta kamar faifai, siririya kamar fatar ganga, naɗe ta ake yi a ci ana tafiya. Ta Chicago zurfi gare ta kamar kasko, cuku a ƙasa, miya a sama, sai da wuƙa da cokali mai yatsu. Ta California ganye ake labta mata, abincin akuya. Mutanen Carolina kuwa ƙoƙari kawai suke yi.

"Duk garuruwan nan na zauna," in ji shi.

"Bon," in ji Moutari, da Faransancinsa na mutanen Maraɗi. "Chicago ɗin, wace shekara?"

"Tun kafin ka iya kunna mitar tasi."

Limaminmu Malam Ma'aruf, wanda watansa huɗu ke nan da zuwa daga Kano, ya gyara murya. "Injiniya, halal ce dai ko?"

"Haba Malam! Ni za a tambaya? Shekara uku ina ci. Babu abin da ban sani ba a kan fiza."

Masu digirin cikinmu suka ce in ta cuku ce da kayan lambu babu komai. Ya ce su bar masa zaɓi, ba lacca ya zo ji ba. Hajiya Fourera ta ce to raguna biyun da aka yanko a gonar Pleasant Garden fa? Ya ce a sa a firiza, ai don haka Bature ya ƙera ta.

Ranar Asabar motoci tara suka jeru. Garzali a gaba, cikin shadda ruwan ƙwai da hula zanna. Ni da Malam ya ɗauka, don a ga manya na tare da shi. Filin wasan tafiyar minti goma sha biyar ne a babbar hanya. Ya ce babbar hanya ta baƙi ce, shi ya san yanke.

Muna tafe yana ba mu karatu.

"Sarauniyar fiza duka, Malam, ita ce feferoni. Jajaye-jajaye ne ake jerawa a kai, kamar kwabbai. In ka ci sai kunnenka ya motsa."

"Mene ne shi feferonin?"

"Sunan ai ya faɗi kansa. Fefe, barkono ke nan, ko a Legas haka suke cewa. Roni kuma garin da ake noma shi."

"Roni ta wajen Kazaure?"

"Akwai wata a Italiya. Su ma kansu ba kowa ya san haka ba."

Malam ya jinjina kai, ya ce Allah mai iko, ashe har can akwai Roni. Ni taga nake kallo. Gidaje suka ƙare, aka shiga shinge da ciyawa. Sai ga dawakai.

Na ce, "Garzali, rana tana ta wane gefe?"

"Baba, a Amurka ba a tuƙi da rana."

Filin wasa yana kudu, mu arewa muka nausa har Summerfield. Hanyar ta ƙare a ƙofar wani garken dawakai. Motoci tara suka tsaya bayan juna, yara na kuka, wani tsohon Bature ya fito da bokiti yana kallon mu. Moutari ya sauko ya leƙo ta taga.

"Injiniya, nan ne Chicago?"

"An canza hanyar."

"Dakor, na ji. Ka biyo ni."

"Ba na bin tasi."

Ya bi. Mun isa sha biyu ta wuce.

A filin akwai wani ƙaton tafki da inji ke tayar wa igiya kamar ta teku. Yara suka faɗa ciki. Garzali ya tara maza a bakin ruwan, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga har idon sawu, ya juya wa tafkin baya don kowa ya ga fuskarsa, ya fara kamfe. Zai sama mana ofis a Elm Street. Zai kawo gwamna cin abincin Sallah. Sai aka busa wani ƙaho.

"Injiniya, fito," in ji Moutari.

"Ƙahon cin abincin ma'aikata ne. Na san tsarin wuraren nan."

Igiyar ta ɗauke masa ƙafafu yana cikin maganar gwamna. Shadda ta cika da ruwa ta kumbura kamar laima, hula ta yi gabas. A nan fejar ta yi kuka, karo na farko da na taɓa ji, wani siririn kuka kamar na ɗan tsako. Daga shi ba ta ƙara ba. Wata yarinya mai gadin ruwa, da ba ta fi shekara sha bakwai ba, ita ta jawo shi ta wuyan riga.

Ya tashi yana tari ya ce, "Da gangan ne. Zafi ya yi yawa."

Ƙarfe uku yunwa ta kama kowa. A cikin filin ana sayar da abinci, Garzali ya ce na 'yan yawon buɗe ido ne, shi ya tanadi wuri, gidan fiza mafi kyau a jihar, minti biyu daga ƙofa. Muka sake jeruwa. Muka tarar da wurin ya koma shagon taya. Wani mutum mai baƙin mai har gwiwar hannu ya ce masu fiza sun tashi tun bara waccan.

"Ka ce kowane mako kana zuwa," in ji Moutari.

"Reshensu nake zuwa."

Kusa da shagon akwai wani gidan abinci, hayaƙi na tashi a bayansa, ƙamshi ya cika titi. Garzali ya shaƙa, fuskarsa ta washe.

"Kun ji? Babakyu. Tsire ke nan da Turanci. A fara taɓawa a nan kafin fiza."

Hajiya Fourera ta sauke gilashi ta nuna allon da ke saman ƙofa. "Injiniya, wannan dabbar mai hula da murmushi fa, wace ce?"

Alade ne, da hular masu dafa abinci, yana riƙe da wuƙa.

"Zane ne kawai. Mai zanen bai iya ɗan maraƙi ba."

"A Carolina babakyu alade ne, kowa ya sani," in ji Moutari. "Fasinjojina kullum shi suke zubar mini a kujera."

"Gwada ku nake yi," in ji Garzali, ya tayar da mota.

Na ga Malam ya ciro carbi.

Can gaba, tsakanin gidan mai da wani otal, muka sami gidan fiza. Mai wurin wani ƙaton Bature ne mai jan wuya. Ya haɗa mana tebura shida. Garzali ya ce kowa ya zauna, kada wanda ya taɓa takardar abinci, shi zai yi oda. Ya ja ni zuwa kanta don in ga yadda ake yi. Takalminsa na tsiyayar da ruwa, kowane taku da ƙara.

Wata baƙar yarinya ce a kantar, siririya, da biro a kunne. Garzali ya dube ta ya ce mini da Hausa, "Kalle ta, Baba. Fuska kamar an aiko mata da mutuwa. Baƙaƙen ƙasar nan ba su san tarbar mutane ba."

Yarinyar ta ɗago ta dube shi, ta mayar da ido kan takarda.

Ya juya harshe ya zuba oda. Turancina na masaƙa ne, amma na tsinci abin da na tsinta. Ta New York guda biyar, feferoni ninki biyu. Ta Chicago guda uku, a sa duk abin da ake sawa. Ta Hawai guda biyu don mata, tunda mata na son abarba. Yarinyar ta dubi hular Malam da mayafan mata, ta ce wani abu a hankali, na ji kalmar Musulmi a ciki. Ya ɗaga mata hannu. Ta sake farawa, ya ce tun tana firamare yake cin fiza, ta rubuta abin da aka ce mata. Ta rubuta.

Mai wurin ya ji an ambaci Chicago, ya fito da murna yana goge hannu. Ashe can aka haife shi. Ya biyo Garzali har tebur yana tambaya, Moutari kuma ya ɗauki aikin tafinta ba wanda ya sa shi.

"Ya ce wace unguwa ka zauna. Injiniya ya ce tsakiyar gari. Ya ce wane titi. Injiniya ya ce kusa da tashar bas. Ya ce kusa yaya. Injiniya yana duba fejarsa."

Aka fara dariya ƙasa-ƙasa.

"Bari in taimaka masa," in ji Moutari. "Cikin tashar ne. Awa huɗu, yana jiran canjin mota. Ni na ɗauko shi a tashar Greensboro ranar da ya zo, da tikitin a hannunsa. Ya ce mini bai fita ba don kada a sace masa akwati."

"Awa huɗun mai hankali ta fi shekara huɗun wani," in ji Garzali.

Ta Chicago ba ta gasuwa da wuri. Minti arba'in da biyar muka yi. Yara dai yarinyar ta kawo musu tasu tun da fari, ta cuku zalla, ba wanda ya ce ta kawo. Manya muka zauna muna kallon yara na ci. Cikin wani ya yi ƙugi, kowa ya dubi na kusa da shi.

Sai ga farantai. Aka jera su tebur-tebur, suna tururi, jajayen kwabban nan sun rufe ko'ina. Dakta Rahina, mai koyarwa a jami'a, ta leƙa farantin gabanta ta miƙe tsaye.

"Injiniya, tsaya. Wannan ai..."

"'Yan adawa su yi haƙuri, Dakta. An ba ku dama a mitin."

"Ba maganar zaɓe ba ce, wannan..."

"Kada a katse ni!"

Mutum uku suka yi magana lokaci guda, ya ɗaga murya ya danne su. Ya zari yanki ɗaya ya ɗaga sama.

"Ku kalla, don ba kullum za ku samu mai nuna muku ba. Ɗan yatsa a tsakiya. A naɗe. Haka ake yi a New York."

Ya tura rabi a baki. Jan mai ya gangaro masa har gwiwar hannu. Ya lumshe ido yana tauna.

"Barkonon Roni ke nan! Shekara uku, kowace Juma'a, daga masallaci sai gidan fiza. Da azumi da ita nake buɗa baki. Malam, bisimilla, kai ne babba."

Ya ɗora yanki a faranti ya tura gaban Malam. Malam ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya miƙa hannu. Sai wani hannu ya riga shi, ya janye farantin.

"Malam, don Allah kada ka ci. Naman alade ne."

Yarinyar kanta ce. Da Hausa ta faɗa, Hausa tsantsa.

Bakin Garzali cike yake, bai haɗiye ba, bai tofar ba.

"'Yar nan, daga ina?" in ji Malam.

"Kafanchan, Malam. Sunana Yemima, aikin jinya nake karanta." Ta nuna da biro. "Waɗannan jajayen alade ne da aka niƙa da yaji aka busar. Waccan alade ce da abarba. Mai zurfin nan kuma aladen yana ƙasa, miya ta rufe shi."

"Babu barkono?" in ji Malam.

"Akwai kaɗan, a cikin aladen."

Hajiya Fourera ta tafa hannu ta yi salati. Ta ce, "To ke me ya hana ki faɗa tun a can?"

"Sau biyu na faɗa masa da Turanci, Mama. Na so in yi masa Hausa, sai na ji an ce fuskata kamar an aiko mini da mutuwa. Na ce to bari in ga inda yallaɓai zai kai. Amma ba zan bar Malam ya ci ba."

Garzali ya dube ni. Ni ma na dube shi. Ya toshe baki da hannu ya ruga, ya banke ƙofar farko da ya gani. Ɗakin girki ne. Muka ji ƙarar tire, aka koro shi, ya shiga ta biyu.

Fizar nan goma mai wurin ya raba wa masu gyaran taya da wasu matasa da suka fito daga wasan ruwa. Mu muka fita wurin ajiye motoci, manya talatin ba wanda ya sa komai a ciki tun safe. Hajiya Fourera ta ce wa mijinta, "Buɗe but."

Kuloli huɗu ne. Soyayyen rago, shinkafa, miya, dambun nama, da yaji a kwalba. Tabarmi ma suna ciki, a naɗe.

Garzali ya fito da robar ruwa yana kurkure baki. Ya ga kuloli. Da ragowar muryarsa ya ce, "Hajiya, ai na ce ba kula."

"Mijina kaɗai ke hana ni abu, Injiniya. Shi ma ba kullum ba."

Aka ci. Yemima ta fito hutunta, aka matsa mata wuri a tabarmar mata, ta ce rabonta da dambun nama shekara biyu. Mai wurin ma ya leƙo, aka ba shi tsoka, ya dangwali yaji da yawa, ya yi ta tari yana hawaye. Moutari ya ce a gaya masa wannan shi ne na Roni na ainihi.

Garzali ya tsuguna gefen Malam, murya ƙasa, amma kowa ya kasa kunne.

"Malam, shekara ukun nan fa? Yaya matsayina?"

Malam ya gama tauna tukuna. "Wanda ya ci bai sani ba, babu laifi a kansa."

"Alhamdu lillahi."

"Sai dai akwai mushkila. Kai da bakinka ka ce babu abin da ba ka sani ba a kan fiza. A gaban shaidu."

"Malam, ai... magana ce."

"To zaɓi ɗaya. Ko ka sani, ko ba ka sani ba."

Garzali ya dubi tabarmi. Mutum talatin sun daina tauna.

"Ban sani ba."

"Ɗaga murya, mata ba su ji ba."

"Ban sani ba!"

"Shekara shida," in ji Moutari, "yau na fara jin kalmar nan a bakinsa."

Na share hannu na miƙe. Na ce masu son Moutari su ɗaga hannu. Na ƙirga ashirin da tara, nawa na talatin. Yemima ma ta ɗaga, na ce 'yar nan sauke, ba ki yi rajista ba tukuna. Na ce masu son Garzali. Hannu ɗaya ya tashi, nasa, da ƙashin haƙarƙarin ragon Hajiya Fourera a ciki.

Moutari ba mai riƙo ba ne. A wurin ya ce ba za a bar Injiniya haka ba muƙami ba, ya naɗa shi mai kula da kuloli: shi zai ɗauko, shi zai wanke, shi zai mayar. Aka yi tafi. Sunan Injiniya kuma a wurin ya mutu, har yau Ɗan Roni ake ce masa.

Da za mu tashi na ga ya rungumi babbar kular yana nishi, Hajiya Fourera na gaya masa ya kama ta hannayenta biyu.

"Bar ni, Hajiya," in ji shi. "A Chicago ba haka ake ɗauka ba."

Murfin ya buɗe. Sauran miyar a kan shaddar ta ƙare.